Suna Linzami: Sunayen Ruɓaɓɓiyar Gwamnati da Giɓin da ke Cikin Hausar Siyasa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi kalmomin da masana siyasa suka ƙirƙira domin kiran gwamnatin da ta lalace, sannan ta auna su da waɗanda Bahaushe yake amfani da su. Abin da take son tabbatarwa shi ne Hausa tana da yalwar kalmomin sata da na zalunci, amma tana da ƙarancin sunayen da ke nuna lalacewa a matsayin tsari, musamman mulkin waɗanda ba su iya ba. Wannan giɓi yana tasiri a kan yadda ake zaɓen shugabanni da yadda ake yi musu hisabi. A ƙarshe an kawo shawarar sunaye huɗu, kowanne da sharuɗɗansa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2014, a wata hira da 'yan jarida, shugaban Nijeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ce yawancin abin da ake kira rashawa a ƙasar sata ce tsagwaronta. Maganar ta jawo masa surutu, 'yan hamayya suka mayar da ita makamin yaƙin neman zaɓen 2015, suna cewa shugaban ƙasa ya wanke ɓarayi. Daga baya ya yi bayani cewa nufinsa a daina ɓoye ɓarawo a bayan doguwar kalmar Turanci, a kira shi da sunan da mutanen gari suka san shi da shi. Ko mutum ya karɓi wannan uzuri ko bai karɓa ba, ce-ce-ku-cen ya nuna cewa sunan da aka ba laifi yana da nauyi a siyasa.

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Inda aka ja shi, nan doki ke nufa. Idan aka kira ciwon ƙasa sata, maganin da za a nema shi ne ɗan sanda da alƙali da kurkuku. Idan aka kira shi zalunci, sai a nemi 'yanci. Idan kuwa ciwon rashin iyawa ne amma aka kira shi sata, to za a yi ta kama ɓarayi, ciwo yana nan yana ci. Saboda haka binciken waɗannan kalmomi ya wuce sha'awar masu nazarin harshe, ya shafi duk wanda ke jefa ƙuri'a.

2.0 Sunayen da suka zo daga waje

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle ya kasa mulki gida shida: uku nagari, uku gurɓatattu. Mutum ɗaya na iya mulki, ko 'yan kaɗan, ko jama'a da yawa, kuma kowanne daga cikin ukun na iya zama alheri ko sharri. Ma'aunin da ya kafa shi ne: don wa ake mulkin? Idan don amfanin kowa ne, tsarin ya miƙe. Idan don amfanin masu riƙe da shi ne, ya karkace. Yawancin kalmomin da suka biyo baya a harsunan Turai rassan wannan ma'auni ne, wasunsu kuma da saiwoyin Girkanci aka gina su.

Ta farko ita ce kleptocracy, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓarawo da wata mai nufin iko. An fara ganin ta a Turanci a ƙarni na 19, amma Stanislav Andreski ne ya fito da ita fili a nazarin Afirka cikin littafinsa na 1968. Ma'anarta ta zarce a ce akwai ɓarayi a cikin gwamnati, domin babu gwamnatin da ta rasa su. Tana nufin gwamnatin da sata ta zama ainihin aikinta, sauran ayyuka kuwa lulluɓi ne. Zayar ta Mobutu Sese Seko, daga 1965 zuwa 1997, ita ce misalin da aka fi kawowa. A rahotonta na 2004, ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa Suharto na Indunusiya ya kwashe dala biliyan 15 zuwa 35, Ferdinand Marcos na Filifin biliyan 5 zuwa 10, Mobutu kimanin biliyan 5, Sani Abacha kuwa biliyan 2 zuwa 5.

Ta biyu ita ce kakistocracy, wato mulkin mafiya muni, kishiyar mulkin zaɓaɓɓu da Girkawa suke yabo. Wani malamin coci, Paul Gosnold, ya yi amfani da ita a wa'azinsa na 1644, lokacin yaƙin basasar Ingila. Marubuci Thomas Love Peacock ya sake ɗauko ta a 1829. Ta daɗe a kwance kafin rigingimun siyasar Amurka su farfaɗo da ita, har mujallar The Economist ta zaɓe ta kalmar shekarar 2024. Abin lura shi ne ba ta tsaya a kan hannun da ke ɗauka ba. Tana tambaya ne a kan cancanta: yaya aka yi mafi rashin dacewa ya hau, mafi dacewa ya koma gefe?

Akwai kuma nepotism, wadda ta samo asali daga al'adar wasu fafaroma ta naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙaman coci, har Fafaroma Innocent na 12 ya taka wa abin birki a 1692. Sai kalmar da Richard Joseph ya gina a kan Jamhuriya ta Biyu ta Nijeriya a littafinsa na 1987, wato siyasar prebend. Asalin kalmar kason dukiyar coci ne da ake yanka wa malami ya ci muddin yana kan muƙaminsa. Joseph ya nuna cewa haka ake kallon kujerar gwamnati a Nijeriya: rabo ne da ya faɗo wa mai ita da danginsa da garinsu, kuma mutanensa ma haka suke ɗaukarta. Jean-François Bayart, a 1989, ya ari salon maganar mutanen Kamaru ya kira abin siyasar ciki.

Ta baya-bayan nan ita ce state capture, wadda masu bincike na Bankin Duniya suka yi amfani da ita a 2000 kan ƙasashen da suka fita daga tsarin Tarayyar Sobiyet. Bambancinta da cin hanci shi ne mai ba da toshiya yana karya doka, wannan kuwa shi ke rubuta dokar, shi ke zaɓar wanda zai aiwatar da ita. Afirka ta Kudu ta ɗauki kalmar ta yi aiki da ita: rahoton Thuli Madonsela na 2016 kan alaƙar Jacob Zuma da iyalan Gupta, murabus ɗin Zuma a Fabrairun 2018, da kwamitin alƙali Raymond Zondo wanda ya miƙa kashin ƙarshe na rahotonsa a 2022. A can, kalma ɗaya ta ba talaka da ɗan jarida da alƙali damar yin magana a kan abu guda.

Amfanin waɗannan kalmomi bai rataya ga baƙuncinsu ba. Kowacce ta ware ciwo ɗaya daga ɗan'uwansa, kuma kowacce suna ce ta tsari, ba ta aikin mutum ɗaya ba. Da wannan ma'auni za mu duba namu rumbun.

3.0 Rumbun Bahaushe

3.1 Ci da kyauta

Wanda ya saurari Hausar siyasa zai tarar da aikatau ɗaya ya mamaye ta, wato ci. Ana cin sarauta, ana cin zaɓe, ana cin gari da yaƙi, ana cin riba. Da wannan bakin kuma ake cin hanci, da cin amana, da cin zali, da cin dukiyar marayu. Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazari a 2009 kan yadda ci da sha suke faɗaɗa ma'ana a Hausa, inda suka nuna ci yana tafiya da rinjaye da mallaka, sha kuwa da ɗaukar abin da ya sami mutum. Rabon ya fito sarai a maganar yau da kullum: mai mulki ke ci, talaka ke shan wahala. Harshen da ke kiran samun muƙami da cinye amana da kalma ɗaya yana sauƙaƙa wa mai sauraro ya ga na biyun kamar 'ya'yan na farkon. Shi ya sa idan aka naɗa mutum, masu zuwa murna sukan ce Allah ya sa a ci lafiya, wasu kuma su ce yanzu lokacinmu ne.

Rukuni na biyu kalmomin kyauta ne da aka lulluɓe toshiya da su: gaisuwa, na goro, ihsani, alheri, kuɗin mai, kuɗin shan ruwa, a ga yara. Kowaccensu asalinta ɗabi'a ce mai kyau. Zuwa gaban babba hannu rabbana abin kunya ne a al'ada, kuma goro alamar girmamawa ce. Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan, a binciken da suka gudanar a Nijar da Benin da Senegal wanda ya fito da Turanci a 2006, sun nuna cewa irin waɗannan kalmomi ne ke ba mai bayarwa da mai karɓa damar rabuwa ba tare da ɗayansu ya ji ya yi laifi ba. Amma Bahaushe bai ruɗu ba, domin shi ne ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma shi ne ya raɗa wa abin toshiyar baki.

Rukuni na uku ba ya sakayawa: wawura, handama da babakere, sama da faɗi, ruf da ciki, awon gaba, kashe-mu-raba, almundahana, badaƙala, aringizon kuɗin kwangila, ma'aikatan bogi, cushe a kasafin kuɗi. Waɗannan kalmomi ne masu hoto. Wanda ya ji ruf da ciki ya ga mutum kwance a kan dukiya ya hana kowa taɓawa. A wannan fanni Hausa ba ta bukatar aro daga kowa.

3.2 Zalunci da sunayensa

Tsohuwar kalmar da Bahaushe ke auna mulki da ita ita ce zalunci, kishiyar adalci. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha a kan wajiban sarakuna. Amma wanda ya fi dacewa da batunmu shi ne Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da Larabci aka rubuta littafin, sai dai da Shehu ya zo lissafa miyagun al'adun sarakunan zamaninsa, bai fassara sunayensu ba. Ya kawo su yadda ake faɗarsu a kasuwa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da kamuwa wato ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki. Ya soki cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Ya kuma soki hawa mulki da gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba. Hikimar wannan salo a fili take. Da ya tsaya a kan cewa sarakuna azzalumai ne, kowane sarki zai ce ba da shi ake ba. Da ya kira kowane aiki da sunansa, sai makiyayi da mahauci da fatake kowa ya gane inda abin ya taɓa shi.

Jihadin bai kashe ciwon ba. 'Yan shekaru kaɗan bayan fara shi a 1804, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son dukiya da muƙami ya shiga cikin jama'ar, ya bar su da niyyar tafiya gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1964 kan tarihin rashawar siyasa a ƙasar Hausa, ya bi sawun yadda al'adun da aka yi yaƙi a kansu suka dawo, suka kuma rayu har cikin mulkin En'e, duk da kafa baitulmali da yanka wa sarakuna da hakimai albashi da Turawa suka yi.

'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, su ne suka sabunta wannan ƙamus. A bakinsu kalmomi irin su mulukiya, mulkin danniya, kama-karya da 'yan amshin shata suka yi kaifi, kalmar talaka kuma ta tashi daga bayanin matsayi ta zama sunan ɓangare a gwagwarmaya. Sa'adu Zungur ya ɗora tambayar jamhuriya ko mulukiya a kan Arewa tun daga sunan shahararriyar waƙarsa. Kalmarsu ta sawaba ta ƙetara iyaka ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar.

Misali mafi kusa na ƙarfin Hausa wajen ƙirƙira shi ne tazarce. An raɗa ta lokacin da Abacha yake neman zarcewa, har jam'iyyu biyar na lokacin suka tsayar da shi ɗan takara a 1998. Bayan kimanin shekara goma ta bayyana a Nijar, inda Mamadou Tandja ya shirya ƙuri'ar raba gardama a Agustan 2009 don ƙara wa kansa wa'adi, abin da ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Jaridun Faransanci sun rasa yadda za su yi da ita sai dai su are ta. Tazarce ba sunan laifin mutum ɗaya ba ce. Sunan dabara ce da kowane mai mulki zai iya gwadawa, kuma da zarar an ambace ta kowa ya san abin da ake shiryawa. Wannan ya isa hujja cewa Hausa na iya raɗa wa tsari suna idan bukata ta matsa.

4.0 Giɓi biyu

4.1 Ƙuntatar "cin hanci da rashawa"

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun daidaita a kan "cin hanci da rashawa" a matsayin fassarar kalmar Turanci ta gama-gari, wato corruption. To amma cin hanci toshiya ce, rashawa ma, wadda aka aro daga Larabci, toshiya ce. An jera kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya, aka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Asalin kalmar Turancin daga Latin yake, yana nufin ɓatawa da ruɓarwa, kamar yadda Larabawa ke cewa fasadi. A Hausa kuwa fasadi ya fi karkata ga lalatar ɗabi'a.

Sakamakon haka, gwamnan da ya naɗa surukinsa kwamishina ba tare da cancanta ba, ko ya karkatar da hanya ta bi ta gonarsa, ko ya ba kamfanin ɗansa kwangila a kan farashin da doka ta yarda, zai iya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa cin hanci ba, kuma a zahirin lafazi bai yi ƙarya ba. Ɗan sandan da ya karɓi naira ɗari biyu a bakin hanya shi ne kalmar ta kama dumu-dumu. Ƙamus ɗin da kansa ya zama kashin dankali, manya a sama, ƙanana a danne. Shari'ar Musulunci ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, ya nuna cewa duk abin da kujera ta jawo wa mutum, wanda da yana zaune a gidan iyayensa ba zai samu ba, ba nasa ba ne.

4.2 Rashin iyawa

Giɓi na biyu ya fi zurfi. Hausa tana da kalmomin sakaci: riƙon sakainar kashi, halin ko-in-kula, jeka-na-yi-ka, 'yan koyo. Amma duk suna bayyana halin mutum ne, kuma ba su da zafin kalmar ɓarawo. A ce shugaba ya gaza, sai a ji masu kare shi sun ce ai mutumin kirki ne, na kewaye da shi ne suka cuce shi, ko kuma a ce haka Allah ya ƙaddara. Rashin iyawa ya zama abin tausayi maimakon abin tuhuma.

Tarihi kuwa ya nuna ɓarnarsa ba ta gaza ta sata ba, kuma sau da yawa tare suke tafiya. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, hukumomin gwamnatin Yakubu Gowon suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, wanda miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro ne, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. A 1975 jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku, ƙasa tana biyan kuɗin jira kowace rana, siminti yana daskarewa a cikin jirage, sauran kayan masarufi sun rasa hanyar shigowa. Akwai waɗanda suka ci kuɗi a wannan badaƙala, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da akwai mai lissafi ɗaya da ake jin maganarsa, da ya auna oda da faɗin tasha.

Misali na kusa shi ne canjin takardun naira na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. An janye tsofaffin kuɗi kafin a buga isassun sababbi, a ƙasar da yawancin cinikin ƙauye na hannu da hannu ne. Mutane suka kwana a layin banki, manoma suka karyar da amfanin gona, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Babu bukatar a tabbatar da cewa wani ya saci ko kwabo kafin a ce an cuci jama'a a nan.

Abin mamaki shi ne al'adar ilmin da muka gada ba ta da wannan giɓi. A Suratul Ƙasas, siffofi biyu aka ambata ga wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Ibn Taimiyya, a littafinsa na siyasar shari'a, ya mayar da su ginshiƙai biyu na kowane shugabanci. Abu Zarri, wanda aka shaide shi da gaskiya, ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi saboda rauni. Wani hadisin a Buhari ya bayyana tozarta amana da danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba. Wato naɗa wanda bai iya ba shi kansa cin amana ne, ko da wanda aka naɗa ɗin bai taɓa ɗaukar allura ba.

Hausar siyasa ta riƙe ginshiƙi ɗaya ta saki ɗaya. Laƙabin da ya fi kowane tasiri a Arewa a wannan ƙarni shi ne Mai Gaskiya, wanda magoya bayan Muhammadu Buhari suka ba shi. Bayan shekarun wawura, neman mai gaskiya abu ne da hankali zai ɗauka. Sai dai babu wani laƙabi na iyawa da ya taɓa samun irin wannan karɓuwa, kuma tambayar wa zai naɗa, da wane tsari, cikin wane lokaci, ba ta samu gurbi a bakin masu zaɓe ba. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu 2015, ministoci ba su kama aiki ba sai a Nuwamba. Abin da ba shi da suna, da wuya a nemi hisabinsa.

5.0 Haɗarin suna

Mai karatu na iya cewa ƙara wa siyasarmu kalmomi masu zafi ƙara mai ne a wuta. Wannan tsoro yana da tushe. Jawabin Manjo Chukwuma Nzeogwu na 15 ga Janairu 1966 cike yake da zargin masu karɓar kashi goma cikin ɗari, kuma da wannan zargi aka halatta jinin Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutanen da ba su bar dukiyar a-zo-a-gani ba. Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974 bisa zargin karkatar da abincin agajin fari. Sojojin 31 ga Disamba 1983 ma da sunan yaƙi da rashawa suka rushe Jamhuriya ta Biyu. Kusan kowane mai juyin mulki da wannan kalma yake buɗe baki, kuma da yawansu sun bar baitulmali a halin da ya fi wanda suka tarar muni.

Akwai kuma ƙorafin cewa kalmar kleptocracy ta zama tambarin da ake manna wa Afirka kaɗai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin Abacha ba a rami aka binne su ba: dala miliyan 321 daga Suwizalan aka dawo da su bisa yarjejeniyar 2017, wasu miliyan 311 kuma daga tsibirin Jersey a 2020. Mulkin ɓarayi na zamani ba ya tsayuwa sai da bankuna da lauyoyi da dillalan gidaje na ƙasashen da ke kiran kansu masu tsabta.

Amsar waɗannan ƙorafe-ƙorafe ita ce a bambanta zagi da suna. Zagi ba ya bukatar hujja, kuma kullum abokin gaba yake nufa. Suna na ilmi yana da sharuɗɗan da za a iya aunawa, kuma yana hawa kan duk wanda ya cika su, ko ɗan jam'iyyarmu ne, ko ɗan garinmu. Kalma maras iyaka ita ce ke zama makamin mai bindiga. Wadda aka yi wa iyaka tana kare wanda ba shi da laifi kamar yadda take kama mai laifi.

6.0 Shawara

Ina ganin sunaye huɗu za su rage giɓin, kuma dukkansu daga bakin jama'a aka tsamo su.

Na farko, mulkin ɓarayi. Ba za a kira gwamnati da shi don an kama wani jami'i ya yi sata ba. Sai idan satar ta fito daga sama, masu bincike da masu shari'a sun zama masu gadinta, kuma wanda ya ƙi ci shi ake hukuntawa.

Na biyu, siyasar ganima, ga tsarin da ake ɗaukar muƙami a matsayin rabon wanda ya ci zaɓe da mutanensa. Alamarta ita ce a riƙa tambayar daga ina wanda aka naɗa ya fito kafin a tambayi me ya sani. Wannan suna yana da fa'idar haɗawa da mu talakawa, masu cika ƙofar gidan ɗan'uwa da bukatun da albashinsa ba zai ɗauka ba, sannan mu kira shi marowaci idan ya ƙi taɓa abin da ba nasa ba.

Na uku, gwamnatin aljihu, ga yanayin da wasu 'yan kasuwa ko iyayen gidan siyasa suke zaɓar wanda za a naɗa, suke tsara dokar da za a kafa, ba tare da kowa ya zaɓe su ba.

Na huɗu, mulkin baragurbi. Baragurbi shi ne ƙwan da kaza ta kwanta a kai bai ƙyanƙyashe ba: ya ci ɗumi, ya tare wuri, bai fid da komai ba. Sharaɗin wannan suna shi ne ya zama hanyar hawa muƙami tana tace masu iyawa tana zubarwa, biyayya ta fi ƙwarewa daraja, kuma gazawa ba ta sa a sauke kowa.

Ba a kafa kalma da umarni. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da sassan Hausa na gidajen rediyon waje, da tashoshin Kano da Kaduna da Damagaram da Maraɗi, su ne suka shigar da yawancin kalmomin siyasar da muke amfani da su yau. Kafofin yaɗa labarai da malaman jami'a da mawaƙa da masu huɗuba ne za su gwada waɗannan, su riƙe wanda ya zauna a baki, su musanya wanda bai zauna ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe ya iya kiran ɓarawo, ya iya kiran azzalumi, amma yana sassauta wa wanda ya karɓi abin da ba zai iya ba, da wanda ya danƙa masa. Ta kuma nuna cewa "cin hanci da rashawa" ta yi wa ciwon kaɗan, tana kama ƙananan ma'aikata tana barin masu tsara ɓarnar. Shehu Usmanu ya ajiye Larabcinsa ya rubuta jangali da gaisuwa da kamuwa domin wanda abin ya shafa ya gane. Aikin da ke gaban masu alƙalami a yau irin wannan ne: su samar wa mai zaɓe kalmomin da zai yi wa ɗan takara tambayoyi biyu da su, ta amana da ta iyawa, kuma kada amsar ɗaya ta sa a yafe ɗayar.